Injin wanki ya ƙi tashi bayan an dawo da wuta: abin da za ki duba kafin a taɓa bod

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta tambayarki: an ɗauke wuta injinki na tsakiyar wanki, da aka dawo da ita ya ƙi motsi, ƙofa a kulle, ruwa da kaya na ciki, har wani ya ce miki bod ɗin, wato ƙwaƙwalwar lantarkin da ke sarrafa injin, shi ne ya ƙone. Don Allah kada ki karɓi wannan magana tukuna. Na daɗe ina amfani da injin mai ƙofa a gaba, na kuma taya 'yan'uwa duba nasu, kuma sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, wutar ce ba ta isa gare shi yadda ya kamata ba.

Ki fara da bango. Ki cire filogin injin, ki saka dutsen guga a wannan soket ɗin. Kada ki gwada da cajar waya, domin caja tana aiki ko da wuta ba ta da ƙarfi, sai ta ruɗe ki. Idan dutsen bai yi zafi ba, ki leƙa akwatin breka, wataƙila ɗaya ta faɗi lokacin da wutar ta dawo. Idan filogin mai ƙafa uku ne mai fis a ciki, fis ɗin na amfiya 13 ne, kuma yana iya yankewa shi kaɗai. A sa masa sabo daidai shi, kada a yarda a ɗaura waya a madadinsa. In kuma ta na'urar kariya daga wuta mai ƙarfi kika jona injin, da yawansu suna jinkirta sakin wuta na 'yan mintuna.

Idan soket na da wuta, ki bar injin a cire na minti biyar zuwa goma, sannan ki mayar ki kunna. Ƙwaƙwalwarsa kan rikice idan wuta ta yanke ba zato, wannan hutun ne ke sa ta dawo daidai. Ki lura da abin da allon ya rubuta. A injinan LG, alal misali, PF na nufin wuta ta yanke ana cikin wanki, kuma danna maɓallin farawa kan wadatar. CL kuwa makullin yara ne, yana hana maɓallai aiki har mutum ya ɗauka injin ya mutu.

Maganar ƙofa ita ce ta fi damuna, don a nan ake ɓarna. Kada ki ja ta da ƙarfi, kada ki sa wuƙa ko sukundireba. Makullin irin waɗannan injina yakan ɗauki minti biyu zuwa uku kafin ya saki, kuma muddin akwai ruwa a ciki injin ba zai yarda ya buɗe ba, don kada ruwan ya malale miki a ƙasa. In ya tashi, ki zaɓi zubar da ruwa ko matsa kawai. In bai tashi ba, ki cire filogi, ki buɗe ɗan murfin da ke ƙasa ta gaba. Yawanci akwai ƙaramin tiyo a gefen filta. Ki tara roba mara zurfi ki riƙa sakin ruwan kaɗan-kaɗan, in babu tiyo ki sassauta filtar a hankali. In wankin ruwan zafi kika sa, ki bari ya huce. Wasu injinan suna da 'yar igiyar buɗe ƙofa a wurin, littafin injin zai nuna miki.

Akwai kuma wutar da ke dawowa da rauni. Injin da aka yi wa wutar 220 zuwa 240 yakan kunna fitila amma ya ƙi juyawa, ko ya riƙa gurnani, idan ta yi ƙasa sosai. Kada ki bar shi yana gurnanin, motar lantarkin da ke juya gangar injin ce ke cin wahala. Haka ƙaramin janareta, don abin ɗumama ruwa kaɗai na jan wajen wat 2000.

To yaushe za a zargi bod? Idan soket da fis lafiya amma allo ya yi duhu gaba ɗaya, ko kika ji ƙauri, ko breka na faɗuwa da zarar kin jona. A nan ki cire filogi ki kira mai gyara, kada ki buɗe bayan injin, domin kafasita na riƙe wuta ko bayan an cire shi. Ki nemi ya fara auna tace-wutar da ke daidai mashigar waya, da fis da ɗan abin kariyar da ke kan bod ɗin, don su wuta mai ƙarfi ke fara bugawa, kuma ana canza su ba tare da an sayi sabon bod ba. Ya nuna miki wurin da ya ƙone da idonki. In garantin injin bai ƙare ba, waɗanda suka sayar miki da shi za ki fara nema kafin kowa ya kwance shi.

Nan gaba, da an ɗauke wuta ki cire filogin, sai ta dawo ta zauna kafin ki mayar, domin dawowarta ce ke ƙona kaya. Ki gwada ki faɗa mana abin da allon ya nuna da samfurin injin. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi.