Wayata ta fi kwamfutar Apollo ƙarfi, to me ya sa take daskarewa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokina, yau kusan mako guda. Shi cewa ya yi kwamfutar da ta kai mutum duniyar wata a 1969 ko ƙafar wayar hannu ba ta kama ba a wajen ƙarfi, amma ba ta taɓa ba su kunya ba, alhali tasa wayar hoto kawai zai buɗe ta daskare. Wai hakan ya nuna masu rubuta manhaja na yanzu malalata ne, kuma sababbin yarukan kwamfuta ne suka sangarta su. Ni kuma na ce mutanen wancan zamani rashin zaɓi ne ya sa suka yi haka, da an ba su kayan aikin yau da su za su ɗauka. Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa. Kafin a kai ga raba gardamar sai an gyara wa abokinka magana guda. Kwamfutar Apollo, wato shirin Amurka da ya kai mutum wata, ta tayar wa mutane hankali, kuma a lokacin da ya fi kowane lokaci muni.

A batun ƙarfi dai gaskiyarsa. Injiniyoyin jami'ar MIT ne suka tsara na'urar, kamfanin Raytheon ya ƙera ta, nauyinta wajen kilo 32. Ƙwaƙwalwar da take lissafi a kai gurbi 2,048 ne kacal, wato kimanin kilobayit 4, ma'adanar umarninta kuma gurbi 36,864. Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya ninka su duka biyun sau da dama. Shi kansa umarnin saƙa shi aka yi da hannu, kuma mata ne akasari suka yi aikin a masana'anta: in siririn zaren tagulla ya ratsa ta cikin wani ɗan zoben maganaɗisu, 1 ke nan, in ya kewaye shi, 0 ke nan. Da an gama saƙa magana ta ƙare, duk wanda ya tuno gyara sai dai a sake wata saƙar. Wanda ya san haka aikinsa yake ba sai an roƙe shi ya duba sau goma kafin ya miƙa ba.

Ranar 20 ga Yuli, 1969, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suna gangarowa a cikin kumbon Eagle, saura 'yan mintoci su dira, sai fitilar gargaɗi ta kama, allo ya nuna 1202. Armstrong ya nemi masu kula da tafiyar daga ƙasa, a birnin Houston, su faɗa masa ma'anar lambar. Abin da ya faru shi ne, radar da aka tanada don sake haɗuwa da uwar kumbo, wadda ba ta da aikin yi a lokacin sauka, ta yi ta watso wa kwamfutar siginar banza saboda wani saɓani a wutar da ke ciyar da ita. Wannan shirmen ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin goma na lokacin kwamfutar, ita kuwa dama a cike take. Aiki ya taru ya fi ƙarfinta.

Nan ne inda nake so ku biyun ku tsaya ku duba. Wani injiniya mai suna Hal Laning ya riga ya tsara mata cewa kowane aiki da matsayinsa, babba ya sha gaban ƙarami. Ayarin masu manhajar, wanda Margaret Hamilton ta jagoranci sashensa na manhajar cikin kumbo, sun kuma gina mata dabarar cewa in ta cushe, ta zubar da duk abin da ke hannunta, ta farfaɗo nan take, ta ɗora daga inda ta tsaya a kan ayyukan da rai ya rataya a kansu, wato sarrafa injin da lissafin inda kumbon yake. Ƙananan ayyuka irin sabunta wasu lambobi a allo sai ta yar da su. Sau biyar gargaɗin yana tashi, huɗu 1202, ɗaya 1201. A Houston wani matashi ɗan shekara 24, Jack Garman, yana da takardar da ya rubuta lambobin gargaɗin da hannunsa, domin a wani atisaye kafin tafiyar irin wannan lamba ta sa an soke sauka ba gaira ba dalili. Ya duba takardarsa ya ce a ci gaba, Steve Bales, jami'in da ke kula da tuƙin kumbon daga Houston, ya amince, aka isar wa Armstrong. Ka ga ke nan na'urar ta cushe kamar yadda wayar abokinka ke cushewa. Abin da ya fisshe ta shi ne tun kafin a tashi an zauna an yanke abin da za ta saki da abin da za ta riƙe in rana ta ɓaci.

Waya kuwa wata yarjejeniya ce daban aka ƙulla da ita. Kwamfutar Apollo aikin tuƙa kumbo kaɗai ta sani, ayari ɗaya ne ya rubuta mata komai, kuma sun san kowace na'ura da za ta yi magana da ita. A wayarka akwai manhajoji hamsin ko ɗari, kamfanoni daban-daban suka rubuta su, ba su san juna ba, kowace tana ganin ita ce 'yar gaban goshi. Wannan tana jan saƙo, waccan tana loda talla, wata tana tura hotunanka ma'adanar intanet ba tare da ta tambaye ka ba. Wanda ya rubuta manhajar Android ba zai iya gwada ta a kan dubban nau'o'in wayoyin da ke hannun mutane ba. Kuma taura biyu ba ta taunuwa: ba a samun na'urar da za ta karɓi duk abin da aka ɗora mata yau da gobe, a ce kuma an tabbatar da halinta a kowane yanayi.

Yawancin daskarewar da kake gani ma ba gazawar lissafi ba ce. Manhajar ce ta tsaya jiran wani abu, ko amsa daga intanet ko karatu daga ma'adana, kuma ta yi jiran a kan layin da ke kula da allo. Shi ya sa in ka taɓa ka ji shiru na kusan daƙiƙa biyar Android ke fito da saƙon nan mai tambaya ko a rufe ta ko a jira. In waya ta yi zafi da gangan take rage gudu don kada ta lalace. In ma'adana ta cika maƙil rubutu a cikinta yana yin nauyi. Ita ma tana da irin dabarar Apollo, domin in ƙwaƙwalwa ta ƙare takan kashe manhajojin da ke bayan fage ta bar wadda kake kallo. Abokinka ya fara duba sauran wurin da ke ma'adanarsa kafin ya zagi kowa.

Sai batun yare, wanda a nan ne na fi saɓa masa. Masu manhaja suna son wannan musun kamar me, wane ya ce C, wane ya ce Rust, wane ya ce duk abin da aka rubuta da JavaScript wasan yara ne. Ni labarin da nake ba su shi ne na rokar Ariane 5 ta Turai. Ranar 4 ga Yuni, 1996 ta tashi karon farko daga Kourou a Kudancin Amurka, ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu, ba ta wuce daƙiƙa 40 ba ta tarwatse. Manhajarta da yaren Ada aka rubuta, yaren da aka ƙirƙira musamman don aikin da ba ya son kuskure, kuma ƙwararru ne suka rubuta ta. Daga Ariane 4 aka ɗauko ta, inda ta yi shekaru tana aiki lafiya lau. Sai dai sabuwar rokar ta fi tsohuwar saurin tafiya a kaikaice. Wata lamba mai alaƙa da wannan gudun, da ake juyewa daga mazubi mai bit 64 zuwa mai bit 16 (bit shi ne wurin 0 ko 1 guda), ta yi girman da ƙaramin mazubin ba zai ɗauka ba, tun da iyakarsa 32,767. Ba a sa mata kariya ba domin an lissafa cewa a Ariane 4 ba za ta taɓa kai wa can ba, kuma ana tattalin kada aikin kwamfutar ya haura kashi 80 cikin 100. Na'urar da ke auna matsayin rokar da gudunta ta ga kuskure ta kashe kanta. Ta ajiya da ke gefenta ta riga ta mutu ƙiftawar ido kafin nan, don manhaja ɗaya ce a cikinsu, cuta ɗaya ta kama su. Babbar kwamfutar ta karɓi saƙon kuskuren ta ɗauka bayanin tafiya ne, ta murɗe bakunan injin har ƙarshe, iska ta karya rokar. Abin takaicin, sashen da ya jawo wannan duka ba shi da wani amfani bayan an bar ƙasa, gado ne kawai aka bari yana gudana.

To ina laifin yare a nan, ina kuma lalaci? Zato ne da ya yi daidai jiya, aka ɗauke shi aka kai inda bai dace ba, ba a gwada shi da hanyar sabuwar rokar ba. Haka a 1999 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja a ƙasa tana ba da ƙarfin tunkuɗa da ma'aunin fam, masu karɓa suna karanta shi da ma'aunin niwton, tazarar ninki 4.45. Waɗannan fa duk mutanen da ne, irin waɗanda abokinka ke yabo.

Masu jirgin sararin samaniya na NASA, Space Shuttle, sun hango irin ramin da Ariane ta faɗa tun kafin ta faɗa. Kwamfutoci biyar suka sa. Huɗu suna gudanar da manhaja ɗaya suna duba amsar juna, ta biyar kuma wani kamfani daban ne ya rubuta tata, don in kuskuren rubutu ya kwantar da huɗun a samu wadda ba ta sha ruwa ɗaya da su ba. Irin wannan aikin kuɗi yake ci da shekaru. Akwai ƙa'idoji goma da Gerard Holzmann na JPL, wata cibiyar bincike ta NASA, ya fitar a 2006, ciki har da cewa duk umarnin da ke maimaita kansa sai an san iyakar zagayensa, kuma ba a neman ƙarin ƙwaƙwalwa bayan manhaja ta gama tashi. Da za a ɗora wa masu manhajar waya waɗannan sharuɗɗa, da abin da kake samu a wata guda sai ka shekara kana jira, kuma da yawancin manhajojin da kake so ba a rubuta su ba sam. Ba ina wanke su ba ne. Akwai ganganci, akwai kumburin manhaja da talla da bibiyar mutane, kuma a Yulin 2024 sabuntawa guda daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta kwantar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 a rana ɗaya. A wannan gefen abokinka yana da abin faɗa.

Taka maganar kuma, cewa da an ba su kayan yau da sun karɓa, rabinta gaskiya ne. Motar Perseverance da ta sauka a Mars a 2021 tana aiki ne da furosesa, wato ɗan guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, mai suna RAD750 mai gudun megahaz 200, jikan wani furosesa na 1997. Ba rashin kuɗi ya sa ba. A sararin samaniya akwai ƙwayoyin zarra masu tsananin gudu da ke ratsa ƙarfe, in ɗaya ta bugi ƙwaƙwalwar kwamfuta tana iya mayar da 0 ya koma 1, ko ta ƙona wurin gaba ɗaya. Mu a nan iskar duniya da maganaɗisunta suna tare mana mafi yawansu. Furosesan da aka ƙera don jure wannan yana ɗaukar shekaru kafin a amince da shi, kuma in an amince ba a saurin sakinsa, don babu mai gyara a Mars.

Amma akwai waɗanda suka bi ra'ayinka. SpaceX tana amfani da furosesa na kasuwa a rokar Falcon 9, kwamfutoci uku masu gudanar da Linux, wata babbar manhajar sarrafa kwamfuta irin Windows, suna lissafi ɗaya ana gwama amsarsu, wadda ta kauce a yi watsi da ita, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Allon taɓawa na kumbonsu mai ɗaukar mutane, Dragon, kuwa da JavaScript aka gina fuskarsa, yaren nan da ake rainawa, ko da yake ba shi ke tuƙa kumbon ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne ɗan jirgi mai saukar ungulu Ingenuity da Perseverance ta tafi da shi. Iskar Mars siririya ce ƙwarai, tashi a cikinta na bukatar jiki marar nauyi da lissafin hoto mai saurin da RAD750 ba zai iya ba. Sai injiniyoyin JPL suka sa masa Snapdragon 801, furosesan wayoyin hannu na wajen 2014, da Linux a kai, suka bar wasu na'urori masu juriya suna kula da sarrafa fukafukan. Sun yarda su yi kasadar ne don gwaji ne kawai, ko ya mutu babban aikin bai tsaya ba. Tashi biyar aka tsara masa, ya fara ranar 19 ga Afrilu, 2021, ya yi 72. A na ƙarshen, cikin Janairun 2024, ya bi ta kan wani fili mai rairayi sumul, kyamararsa ta rasa duwatsun da za ta riƙe ta gane gudunsa, ya dira da ƙarfi fukafukansa suka karye. Furosesan wayar kuwa bai mutu ba, bayan faɗuwar ma ya ci gaba da aiko da bayanai.