Ki karɓi keken cikin rabonki, kada ya fita gidan

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba ku haƙurin rashi. Tun bayan la'asar na ga tambayarki, cewa mahaifinku tela ne a unguwar Idi-Araba ta Legas, ya rasu ya bar keken ɗinki da ɗan shago, yayyenki maza suna so a sayar a raba kuɗin, ke kuma zuciyarki ta ƙi. Ban iya amsawa nan take ba, sai da na bari yara suka kwanta, domin abin da ya same ku shi ya same mu a Agege shekara shida da suka wuce.

Namu Baban shi ma tela ne, amma kafin ya hau keke sojan ruwa ne. Mutumin Yawuri ne, a bakin kogin Kwara ya tashi, iyo kuwa ya ce bai san ranar da ya koya ba. Ya zo Ikko (har ya rasu bakinsa bai saba da cewa Legas ba) don ya bi wani kawunsa fataucin goro, wanda dama shi ya tara yawancin mutanenmu a Agege tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar huhuna zuwa Kano. Yana nan ya ji ana ɗaukar sojan ruwa a Apapa, ya je ba tare da ya gaya wa kowa ba. Rundunar a lokacin ba ta daɗe ba, a 1956 aka kafa ta, 'yan Arewa a cikinta kuma, in ji shi, da yatsun hannu za ka ƙirga su. Bai jima da gama horo ba yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Yana cikin waɗanda suka kai dakarun Kanar Benjamin Adekunle ta ruwa aka sauka Boni a watan Yulin shekarar, daga baya kuma Kalaba. Ba ya son zancen nan ko kaɗan. In muka matsa masa sai ya ce, "Allah kada Ya maimaita mana," ya sunkuyar da kai kan aikinsa.

Zancen da yake so shi ne na allura. Ya ce a cikin jirgi babu uwarka babu matarka, maɓalli ya tsinke kai za ka mayar, kuma farin kaki ba ya rufa wa kowa asiri, ɗinki ya karkace tun daga nesa ofisa zai hango. Shi hannunsa ya faɗa, sai abokan aiki suka riƙa kawo masa wanduna yana rage musu tsawo, yana yi musu kalmasa. Da lokacin ritaya ya zo, a zamanin Babangida, ya shiga cibiyar nan ta Oshodi inda ake koya wa sojoji sana'a kafin a sallame su, ya zaɓi ɗinki. Da kuɗin sallamarsa ya sayi Singer baƙi mai feda, ya kama shago kusa da layin dogo. Wasu abokansa mota suka saya suka zuba a hanya, kafin shekara uku babu motar babu kuɗin. Keken nan kuwa shi ya ɗauki karatunmu mu bakwai, har da watannin da fansho zai maƙale ya yi ta zarya da takardu a jaka ya dawo hannu wofi.

Kin san sunan da teloli suka yi kan alkawari. Baba ya tsani wannan suna kamar me. Yana da wani dogon littafi mai baƙin bango, duk wanda ya kawo yadi sai an rubuta rana, da awo, da abin da ya bayar, da ranar karɓa, a manna ɗan ƙyallen yadin a gefe da allura. Azumi na kai goma sha biyar yake rufe karɓar ɗinkin sallah, ko wane ne kai. Na ga wani Alhaji mai shanu daga Oko-Oba ya zo da shadda gezna, ya ajiye kuɗi ninki biyu a kan tebur, Baba ya tura masa abinsa ya ce, "Alhaji, in na karɓa zan yi maka ƙarya, ni kuma na girmi haka." Abin da ya fi burge ni da na yi hankali shi ne, kayanmu na gida yake fara yankawa. Ana cewa ɗan tela shi ke zuwa Idi da tsohuwar riga, mu ba mu san wannan ba. Ran ɗaya ga azumi zai jera mu daga babba zuwa auta, tef a wuya, alli a bayan kunne, ya auna kowa. Na Inna kuma shi da kansa yake zuwa kasuwar Balogun ya zaɓo mata atamfa, bai taɓa aiken yaro ba.

Magariba ba ta same shi a waje. Zai ture keken jikin bango, ya goge shi, ya ɗiga masa mai, ya lulluɓe shi da wani tsohon zane, sannan masallaci, sannan gida. Tare muke cin tuwo da shi a tire ɗaya, yana tambayar kowa abin da aka koya masa.

Akwai ranar da ba zan manta ba, Lahadi 27 ga Janairun 2002, da ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta. Duk wanda yake Legas a lokacin ya san abin da nake faɗa. Ƙasa na girgiza, gilasan taga na zubowa, wasu na cewa juyin mulki ne, wasu na cewa yaƙi ne, unguwa ta fashe kowa na gudu bai san inda ya nufa ba. Inna ta riga ta goya jikarta ta ɗauki mayafi. Baba ya tsaya tsakar gida, ya ɗaga hannu a yi shiru, ya kasa kunne. Can ya ce, "Wannan ba harbin mutane ba ne, babu mai mayar da martani. Makamai ne ke tashi da kansu. Ba inda za mu." Ya ƙirga mu, sai babu autarmu, ta tafi Islamiyya. Ya sa sakata a ƙofa ta waje, ya kutsa cikin jama'a, kowa na yin gaba shi yana yin baya. Ya dawo da ita a kafaɗa, da wasu yaran maƙwabta huɗu riƙe da gefen rigarsa. Washegari muka ji abin da ya faru a Oke-Afa, inda mutane masu gudu suka afka cikin magudanar ruwan da ciyayi suka rufe. Sama da mutum dubu suka rasu a wannan masifa, da yawansu mata da yara. Ranar ce kaɗai na ga Baba ya buɗe shago bai taka keke ba.

Wani abu kuma da ya ɗaukar wa kansa shi ne likkafani. In aka yi rasuwa a layinmu, ko tsakar dare ne, shi ake bugawa ƙofa, kuma bai taɓa karɓar ko sisi ba. Da nasa lokacin ya zo, bayan sallar asuba, ni na zauna kan keken na ɗinka nasa. Ƙafata na kan feda tana rawa, zaren ya tsinke sau biyu. Wurin da tafin ƙafarsa ya cinye ƙarfen har ya yi santsi, nan na ɗora tawa.

To, ga abin da zan ce miki, kuma mun bi ta kansa. Yayyenki ba su yi laifi ba. Keken nan gado ne, haƙƙin kowa na ciki, kuma ƙaunar da kike yi wa Baba ba za ta ba ki ikon riƙe shi ke kaɗai ba. Amma kafin a kai ga rabo akwai abin da ya fi gaggawa, wanda mutane ke mantawa in tela ya rasu: kayan jama'a. Duk yadin da ke shagon nan da ba nasa ba amana ne, duk kuɗin kafin alkalami da ya karɓa bai gama aikin ba bashi ne a wuyansa. Ku sanar a masallaci, ku buɗe shagon na wasu kwanaki, mai kaya ya zo ya karɓa. Mu sai da muka yi sati uku muna wannan, littafin nan ya taimake mu ƙwarai, waɗanda aka riga aka yanka kuma na ƙarasa su. Bayan an biya bashi, an fitar da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sai ku kira malamin da ya san rabon gado, ku kira mai gyaran keke ya yi masa kuɗi a gaban kowa. Ki ce a sa shi cikin rabonki. In ya fi rabon naki, ki cika musu. Ta haka babu wanda zai ce an cuce shi, zumunci kuma bai taɓu ba. Kada ki yi wannan magana da kuka ko da faɗa, ki samu babban yayanku shi kaɗai tukuna.

In kin same shi kuma, don Allah kada ki kai shi ɗaki ki rufe da leshi ki ɗora masa fulawa. Keken da ba a takawa tsatsa yake yi, bel ɗin ya bushe ya tsage. In ba ki iya ɗinki ba, nemi cikin yaran da ya koya wa, ko wani maraya a unguwa, ya zauna a kai da sharaɗin zai koya wa wani. Namu yanzu yaro na uku ke koyo a kansa, kuma har gobe in an yi rasuwa a layin, a kansa ake ɗinka likkafani kyauta, da niyyar Allah Ya kai ladan kabarinsa. Farin kakinsa da lambobinsa suna wurin babban yayanmu, takardar sallamarsa na wurin Inna, ni keken na roƙa.

Ki kuma yi sauri ki zauna da abokansa na shago da na masallaci tun suna raye. Rabin abin da na ba ki labari a nan daga bakin wani tsoho ɗan ƙabilar Ijo na ji shi, wanda suka yi jirgi ɗaya, ya zo ta'aziyya daga Ajegunle yana dogara sanda, ya zauna ya yi ta ba mu labari har la'asar.

Kafin kowa ya ɗaga keken daga inda yake, ki jawo 'yar durowar da ke gefe ki duba da kanki. A tamu, ƙarƙashin allurai da guntayen alli, na tarar da wani ƙaramin littafi daban da na kwastomomi. Awonmu ne mu bakwai, kowa da shafinsa, sallah bayan sallah, kafaɗa da hannu da tsawon wando, tun muna 'yan ƙanana. A shafina, layin ƙarshe na shekarar da na yi aure ne, ya rubuta awon babbar riga, a gefe kuma ya sa, "ya kamo ni."