Tanadin Damina a Kassala: Da Me Za a Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce a Kassala ta ƙasar Sudan, mu tara ne a gida. Ɗana ya karanto mini wani littafi a waya mai koyar da zaman ko-ta-kwana, wai a haɗa jaka da abincin gwangwani na kwana uku, da tocila, da rediyo. Ƙarfinmu bai kai nan ba, ga damina ta ƙarato. Da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara da ruwan sha.

Yawancin littattafan nan an rubuta su ne don mutanen Amurka da Turai, inda ake sa ran agaji zai iso cikin kwana uku. Mu kuwa mun ga yadda lamarin yake tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Gwangwani bai dame ni ba. Gidan da ke da garin dawa, wake, mai da gawayi ya gama da batun abinci. Abin da ke kwantar da mutane bayan kogin Gash da ke ratsa Kassala ya cika shi ne masai da ke tumbatsa ya haɗu da ruwan sha. A Agustan 2024 aka ayyana ɓarkewar kwalara a Sudan, kuma jihar Kassala na cikin wuraren da ta fara kamawa.

Kowane mutum yana buƙatar kusan lita 3 na sha a rana. Ku tara, lita 27 ke nan a rana, kusan jarka ɗaya da rabi, ban da girki da wanka. Idan ruwan ya yi dauɗa, a fara kwantar da shi da alif ko dakakken ƙwayar zogale, kamar yadda mata ke yi wa ruwan Nilu tun da daɗewa, sannan a tace da tsumma mai tsabta. Amma kada haskensa ya ruɗe ki, ƙwayar cuta tana nan. Sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar kulorin daidai yadda aka rubuta a jikin fakitin, a jira minti 30. In babu gawayi babu kulorin, a cika robar ruwa garai-garai wadda ake ganin cikinta, a kwantar da ita a rana awa 6. Ranar hadari kuwa sai ta yi kwana biyu.

Inda ake yawan ɓata aikin shi ne randa. An sha wahala an tafasa, sai yaro ya zo ya tsoma moɗar da ya ɗauko a ƙasa. Jarka mai ƙaramin baki da murfi ta fi, a riƙa tsiyayowa.

Ki haddace haɗin ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi. Kada a ƙara gishirin. In ya kwana ya wuni, a zubar a sake. Wanda gudawarsa ta koma kamar ruwan wankin shinkafa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, ana tafiya ana ba shi yana kurɓa. Jariri kuma kada a cire masa nono.

Takardun shaida da maganin mai hawan jini ko ciwon sukari, a ƙulle su a leda biyu a rataye sama. Ki ajiye ɗan tsabar kuɗi a hannu, don ranar da intanet ya ɗauke, manhajar biyan kuɗi ta waya, Bankak, ba za ta saya miki ko sabulu ba. Tocilar nan ta ɗanki ta biyo baya, in da saura.