Jan ƙafa huɗu ko jan baya: wacce ta fi a motar gudu?

Tambaya: Malam, a Tahoua nake. Dillali a Yamai ya nuna mini BMW biyu, ɗaya xDrive mai jan ƙafa huɗu, ɗaya mai jan baya kaɗai. Ya ce xDrive ɗin tamkar katkat ce. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, rabin gaskiya dillalin ya faɗa maka.

Amfanin jan ƙafa huɗu yana wurin tashi ne. Idan ka taka totur, ƙarfin inji ya rabu kan tayoyi huɗu, babu wadda za ta yi ta juyawa a banza. Da wannan dabara Audi Quattro, wadda ta fito a 1980, ta addabi abokan gasa a tseren hanyoyin ƙasa. BMW ma da kanta, da ta fitar da sabuwar M5, motarta ta gudu mai ƙarfin doki 600, a 2017, sai ta mayar da ita jan huɗu: daga tsaye zuwa kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.4. Inda iska ta shimfiɗa rairayi kan kwalta, ko ruwan damina ya jiƙa ta, za ka ji bambancin a hannunka.

Amma birki fa? Ko kaɗan ba ta ƙara maka. Jaki ya faɗo hanya bayan Dogondoutchi, duk biyun da tayoyi huɗu za su tsaya, mai jan huɗun ma ta fi nauyi.

Mai jan baya ta fi sauƙin jiki, ta fi tsimin mai, tayoyin gaba kuma aikin sitiyari kawai suke yi, shi ya sa take daɗi a kwana. Motocin tseren Formula 1 duk jan baya ne. Aibinta, ka matsa mata a kwana mai santsi, bayanta ya wulla.

Batun katkat kuwa, a bar shi. Cikin motar nan ƙasa-ƙasa yake. Ka shiga rairayin unguwa da ita, ta kwanta a kan ciki, tayoyin huɗu suna haƙa rami. Ba Hilux ba ce.

Abin da dillali ba zai faɗa ba: xDrive ba ta son tayoyi masu bambancin cinyewa. Ɗaya ta fashe ka sa sabuwa kusa da tsofaffi uku, akwatin raba ƙarfi ne zai sha wahala, kuma ba kowane gareji ke taɓa shi ba. Nakan ga irinsu a ajiye, sun yi ƙura, ana jiran kaya.

In tafiyarka Tahoua zuwa Yamai ce ta Konni, kan kwalta, ɗauki mai jan bayan, ragowar kuɗin ka sa tayoyi huɗu sababbi.