Kada ka sayar wa masu gawayi ɗorawa da kaɗanyar gonarka

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan mahaifinku. Ka ce kun gaji gona a wajen Shika mai ɗorawa da kaɗanya da kuka, masu gawayi sun taya su a dunƙule, kai kuma kana neman kuɗin taki da filin da tarakta za ta shiga ba cikas. Ni dai shawarata kada ka sayar. Na daɗe ina noma a gefen Galma, na ga gonakin da aka yi wa irin wannan aski, na kuma ga yadda suka koma.

Mai gawayi itace kawai yake saye, shi ya sa kuɗinsa ke yi maka kama da riba. Amma bishiyar da ke tsaye jari ce mai haihuwa duk shekara. Ɗauki ɗorawa. Da bazara za a tsinko ta, a ci garin, a fitar da kalwa a yi daddawa, ɓawon ma a da da shi ake makubar daɓe da shafen katanga. Ka shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Giwa ka tambayi kuɗin tiyar kalwa, ka tambayi matan gidanku tiya nawa bishiya ɗaya ke bayarwa, sai ka ninka sau goma, wato amfanin shekara goma. Ka ajiye wannan lissafin kusa da tayin da aka yi maka. Ita kuwa kaɗanya tana zuba ne da farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ake neman kuɗin noma. Kuɗin nan yawanci na iyayenmu mata ne, da shi ake cefane da sabulu da littafin yara, don haka ba ya shiga lissafin maigida sai ranar da ya yanke.

Kuma kaɗanya ba abin wasa ba ce a kasuwar duniya. Man kaɗanya na shiga cakulan da man shafawa, har ta kai a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaranta na wata shida don a riƙa sarrafawa a gida. Ga ta da jinkirin girma: takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Wadda za a kayar da safe ɗaya, sai dai jikokinka su ci madadinta.

Akwai kuma aikin da ba a kai shi kasuwa. Ganyen da ke zuba yana ruɓewa ya zama taki, saiwa na riƙe ƙasa. Gonar da aka share ƙwal, ruwan farko ke kwashe mata ƙasar sama, zaizaya ta fara cin gefe, kowace shekara buhun taki ya ƙaru amfani bai ƙaru ba. Wannan ƙasar kuma ba ɓacewa take ba, rafi take gangarawa, irinta ce lakar da ke cike madatsar Kubanni ta jami'ar Ahmadu Bello (ABU). Manoman Maraɗi da Damagaram sun ɗanɗana wannan. Tun tsakiyar shekarun 1980 suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu suna gyara shi, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Su suna wahalar dawo da abin da kai ka gada a tsaye.

Gaskiya ne masara ba ta yi a ƙarƙashin ɗorawa, inuwa na danne ta. Maganin wannan rage rassa ne da rani, ka sami itacen girki ko na sayarwa, sannan ka sa barkono ko gwaza a gindin, suna jure inuwa. Mai tarakta kuwa kewayewa zai yi.

In matsin kuɗi ne, sayar da ɗorawar bana tun tana kan uwa ga mata masu daddawa, ko ka ba masu gawayin waɗanda suka bushe kaɗai, kana tsaye a wurin. Kafin komai dai ka zauna da sauran magada, musamman 'yan'uwanka mata, domin suna da haƙƙi a kowace bishiya.