Amsa ga mai tambaya kan gilashin da ke tsagewa bayan ya huce

Ɗan'uwa wallahi da na karanta tambayarka, wai kana narka kwalabe kana busa ƙananan tulunan furanni amma kafin gari ya waye sun tsage, sai da raina ya sosu, don ni ma wannan abin ya kusa raba ni da sana'ar nan.

Ka fara duba wanda yake kawo maka fasassun kwalabe. Ni akwai wani da na yarda da shi, kullum ina biyansa kafin ya kawo, ashe yana cusa min gilashin taga da fasassun kwanukan Pyrex, wato kwanukan gilashi masu jure zafi, a cikin buhu don ya ƙara nauyi. Lokacin an ba ni aikin kayan adon ɗakin amarya, na karɓi kuɗin mutane, na gama komai sun yi kyau masha Allah, cikin dare ina kwance sai ƙas, ƙas nake ji daga shago, da asuba na buɗe na tarar kusan duka sun dare. Uwar amarya ta zo ta zazzage ni a gaban yarana, ta ce ni macuci ne, na rasa bakin magana, sai da na sayar da babur ɗina na mayar mata da kuɗinta. Shi kuwa mutumin da na same shi cewa ya yi ai gilashi gilashi ne. Har yau in na tuna maganar nan zuciyata tafasa take, Allah ya isa kawai.

To ba haka ba ne, kowane iri da yadda yake tsukewa in yana hucewa, Pyrex ba ya taɓa shiri da kwalba. Ko kwalaben ma ka ware, koriya daban ruwan ƙasa daban. In kana shakka ka narka guntaye biyu ka manna su ka ja su kamar zare, in zaren ya lanƙwashe da ya huce to kar ka haɗa su.

Sannan dan Allah kar ka ajiye abu a iska daga wuta kai tsaye. Gilashin kwalba yana so ya zauna a zafi wajen digiri 500 zuwa 550 a ma'aunin Celsius tukuna, sannan ya sauko a hankali, ka toshe tanderun ka bar shi ya kwana, mai kauri ya fi buƙatar lokaci. Ko Masaga na Bida, masu sana'ar gilashi da ke yin duwatsun wuya da awarwaro, a toka mai zafi suke binne kayansu su huce, ba don wasa ba. In kana da hali ka je can ka zauna ka kalli hannunsu kawai.

Maganar sassaƙa zane da ka ce kana so ka fara, ka jira tukuna sai tsagewar nan ta daina, don wanda bai huce daidai ba da dutsen gurza ya taɓa shi zai fashe. Kuma ruwa ya riƙa ɗiga a kan dutsen, ka sa takunkumi, ƙurar nan huhu take ci. Gilashin ƙofar mota kar ma ka gwada, rugurgujewa yake.

Ka turo hoton inda tsagar take farawa, ta gindi ne ko ta baki, in gani. Allah ya dafa maka, kar ka bari.