Fatawa: Uban da ya rasa 'yarsa da waƙar Baturen da ya rasa ɗansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Birmingham ta Ingila. Wata huɗu ke nan da Allah ya karɓi 'yata, tana da shekara uku. Abokan aikina, galibinsu ba Musulmi ba ne, sun haɗa hotunanta a ɗan bidiyo don tunawa da ita, suka ɗora masa waƙar nan ta mawaƙin Ingila Eric Clapton, "Tears in Heaven". Tun daga ranar nake kunna ta a mota idan na tashi daga aikin dare, in yi ta kuka har in ji sauƙi. Maiɗakina ta ce in daina, wai kukana azaba ne ga yarinyar a kabari. Yanzu kuma suna so mu yarda a sa bidiyon a Facebook, a riƙa nuna shi duk shekara ranar da ta rasu. Malam, mene ne hukuncin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce, ya ba ku haƙurin rashinta.

Ɗan'uwa, bari in fara da maganar maiɗakinka, don ita ce na fi jin tsoron ta zauna muku a zuciya. Ba a yi wa 'yarku azaba saboda kukanka. Yaro an ɗauke masa alƙalami har sai ya balaga, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud da waninsa. A Sahihul Buhari kuma, cikin doguwar ruwayar Samura ɗan Jundub, Manzon Allah (SAW) ya ga Annabi Ibrahim a mafarki cikin wani lambu, yaran da suka rasu a kan fiɗira suna kewaye da shi. Hadisin da matarka take nufi, cewa ana azabtar da mamaci da kukan iyalansa, ingantacce ne. Amma da labarinsa ya kai ga Nana A'isha sai ta karanto faɗin Allah cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, kuma mafi yawan malamai sun fassara shi da wanda ya bar wasiyya a yi masa kururuwa, yadda Larabawan jahiliyya ke yi. Wace wasiyya 'yar shekara uku ta bari? Ka gaya wa matarka haka cikin taushi. Ita ce ta yi goyon, kuma tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa.

Hawayenka kuwa ba ka da laifi a kansu ko kaɗan. Anas ya ba da labarin ranar da suka shiga gidan Abu Saifi maƙeri, mijin matar da ke shayar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW). Annabi ya ɗauki yaron, ya sumbace shi, ya shinshina shi. Da suka sake komawa suka tarar yana kan gargara, sai idanun Annabi suka fara zubar da hawaye. Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har da kai ya Manzon Allah? Ya ce, wannan rahama ce. Sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi, kuma mu masu baƙin cikin rabuwa da kai ne ya Ibrahim. A wani hadisin ya ce Allah ba ya azabtarwa da hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, da wannan yake azabtarwa ko ya yi rahama, sai ya nuna harshensa. Abin da aka hana shi ne niyaha, wato ihu da kururuwa da marin fuska da yaga tufa da faɗin maganar da ke nuna ƙin ƙaddara. Mutumin da ya ajiye mota a gefen titi da asuba ya kifa kai a kan sitiyari yana hawaye bai shiga cikin wannan ba.

Yanzu ga waƙar. Na sa wani ɗalibina da ya iya Turanci ya zauna ya fassara mini baitocinta ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zan ɓoye maka ba, na ji tausayin mutumin. A ranar 20 ga Maris 1991 ɗansa ɗan shekara huɗu ya faɗo ta taga daga hawa na 53 na wani dogon bene a birnin New York. Shi da wani marubucin waƙa, Will Jennings, suka tsara ta, ta fito a 1992, ta ci lambobin yabo uku na Grammy, waɗanda ake bai wa mawaƙa a Amurka, a 1993, daga nan ta zama abin da Turawa da yawa ke sawa a jana'iza da taron tunawa da mamaci. Abokan aikinka sun ɗauko maka mafi taushin abin da suke da shi ne. Wannan alheri ne, kuma ana yaba shi.

Mutum ya tsara baiti yana kukan wanda ya rasa, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, sunansa marsiyya. Hassanu ɗan Sabit ya yi wa Annabi (SAW). Mutammimu ɗan Nuwaira ya yi wa ɗan'uwansa Maliku, har Sayyidina Umar ya yi fatan da ya iya waƙa ya yi wa ɗan'uwansa Zaidu irinta. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta yi wa ƙawarta A'isha. Waƙa magana ce, mai kyau mai kyau ce, mummuna mummuna ce. A abin da aka fassara mini ban ji zagin ƙaddara ba. Uba ne ke tambaya ko ɗansa zai gane shi idan sun haɗu a Aljanna, yana kuma jin cewa shi ba wurinsa ba ne can.

Inda gizo ke saƙar shi ne kiɗan, domin waƙar a kan jita aka gina ta. Mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana kayan kiɗa masu tsirkiya, suna kafa hujja da hadisin Buhari cewa za a samu wasu mutane cikin al'umma da za su halatta zina da alharini da giya da kayan kiɗa. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta wurin da ya ce bai halatta ka saurari kayan wasa da waƙe-waƙe da gangan ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 456 bayan Hijira, ya saɓa, ya soki isnadin hadisin ya ce kiɗa halal ne, amma Ibn Salah da Ibn Hajar sun yi masa raddi sun tabbatar da ingancinsa. Na ambaci saɓanin ne don kada ka ɗauki kanka kamar wanda ya yi wani babban saɓo da babu mai magana a kansa. Fatawar da nake bayarwa ita ce ta jamhuru, wato mafi yawan malamai, ka bar sauraronta. Abin da ya wuce ka yi istigfari, kada ka mai da shi wani sabon nauyi a kan wanda kake ɗauke da shi. Ko da ma babu maganar kiɗa, wata huɗu kana tayar da mikin nan kowane dare kai kaɗai a mota, matarka tana gida ita ma da nata, wannan ba ya yi mini daɗi.

Bidiyon kuma kada ku yarda a sa shi a Facebook da kiɗan nan, don duk wanda ya kunna ta hannunku ya ji. Hotunanta ku adana abinku, ku duba idan kewa ta taso. Ware ranar rasuwa ana taruwa duk shekara ba shi da asali a Sunna. Annabi (SAW) ya rasa 'ya'yansa shida cikin bakwai yana raye, Nana Faɗima ce kaɗai ta rage bayansa, bai ware wa ko ɗaya rana ba. Amma bai manta da nasa ba. Bayan rasuwar Nana Hadiza yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama. Ga hanya nan. Ku dafa abinci ku kai wa abokan aikin nan, ku gode musu da kyau, ka bayyana musu cewa a addininmu da addu'a da sadaka ake tuna mamaci. Idan suna son haɗa wani abu da sunanta, a saya wa yaran da ke kwance a asibitinku abin da za su amfana da shi, ko a haƙa rijiya a gida, kamar yadda Sa'adu ɗan Ubada ya yi wa mahaifiyarsa da Annabi ya ce masa ruwa ne mafificin sadaka.

Ina zaton abin da ya riƙe ka a waƙar nan tambayar ce, ko za ta gane ka. Mai waƙar ya yi tambaya bai samu amsa ba, kai kuwa an ba ka. A Sahihu Muslim, wani mutum da ake kira Abu Hassan ya zo wa Abu Huraira ya ce, 'ya'yana biyu sun rasu, ko za ka faɗa mana wani hadisi da zai sanyaya mana rai? Ya ce, ƙwarai. Ƙananan yaransu masu kai da kawo ne a cikin Aljanna, ɗayansu zai tari mahaifinsa ya kama tufarsa, kamar yadda na kama gefen tufarka ɗin nan, ba zai saki ba har sai Allah ya shigar da shi Aljanna tare da mahaifinsa. Ka rubuta wannan hadisin a takarda ka ajiye a motar, ka karanta wa maiɗakinka shi da bakinka idan ka isa gida. Ku riƙa maimaita addu'ar da Annabi ya koyar a hadisin Ummu Salama: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha.

Allah ya sada ku da ita a Firdausi. Wallahu a'alam.